Tsakata mai zanko ta kasa saɓa, yatsunta sun fara baƙi

Assalamu alaikum Kawu, ya aiki, ya sanyi? Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, ina zaune da iyayena a Garin Malam. Akwai wani Bature da na taɓa yi wa aikin gida, da zai koma ƙasarsu sai ya bar mini tsakar da yake kiwo a akwatin gilashi. Ba irin tamu ta bango ba ce, mai zanko ce tun daga saman ido har gadon baya. Ya bar mini ledar garin abincinta, amma ya ƙare tun da kaka, yanzu ayaba nake dama mata. Da damina lafiyarta lau. Hunturu na kamawa sai saɓarta ta daina fita duka, tana maƙalewa a yatsu da bakin wutsiya da kan zankon. Yatsu biyu na ƙafar baya sun yi baƙi, kuma in ta zo hawa gilashi zamewa take. Ƙanwata ta ce in shafa mata man kaɗe, abokina ya ce in sa matsefata in ɓare. Inna kuwa cewa ta yi in fitar mata da ita daga gida, tsaka ba abin ajiyewa ba ce, kuturta take kawowa. Kawu, ya zan yi?

Ɗanka, daga Garin Malam

Wa alaikumus salam, ɗana. Sanyi lokacinsa ne, mun gode Allah.

Mayar wa ƙanwarka man kaɗenta, ka kuma ajiye matsefatar nan. A ƙarƙashin kowane yatsa na wannan tsaka akwai wasu layuka jere, a kansu akwai gashi mai tsananin laushi wanda ido ba ya gani, da shi take kama gilashi. Yanzu tsohuwar fata ce ta rufe shi, shi ya sa take zamewa. In ka shafa mai, ka ƙara toshe shi ke nan, sannan za ta lashe man da harshenta, harshen da take goge idanunta da shi, don ba ta da fatar ido da za ta ƙifta. Ɓare busasshiyar saɓa da ƙarfi kuma yakan taho da sabuwar fatar da ke ƙasa, wani lokaci har da farce. In ta firgita sosai za ta yar da wutsiya, kuma ita wannan in ta yar ta yar ke nan. Tsakar bango tana fitar da sabuwa, mai zanko ba ta fitarwa har ta mutu.

Ga abin da za ka yi yau bayan magariba, lokacin da take farkawa. Samo robar abinci mai murfi, ka wanke ta tas, ka huda murfin da gefe-gefenta wuri da yawa don iska. Shimfiɗa takardar goge hannu ninki uku ko huɗu a ciki, ka jiƙa ta sharkaf, amma kada ruwa ya kwanta har ya wuce yatsunta, don ba gwanar iyo ba ce. Maganar ɗumin ruwan ita ce inda mutane ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Jikin mutum digiri 37 ne, saboda haka ruwan da hannunka ya ji da ɗumi ya riga ya yi mata zafi. Abin da ake so wajen digiri 26 ko 27 ne, wanda in ka tsoma yatsa ba za ka ji zafi ba, ba za ka ji sanyin randa ba. Sa ta a ciki, ka rufe, ka zauna kusa kana kallonta minti 15 zuwa 20. Kada ka ɗora robar a rana ko kusa da wuta wai don ta yi tururi.

In lokacin ya cika, ka rufe ƙofar ɗaki saboda mage, ka zauna ƙasa kan tabarma, don tana tsalle ba sanarwa. Ka bar ta ta hau hannunka da kanta, kada ka damƙe ta, wutsiya kuwa ko kusa. Jiƙa tsinken goge kunne mai auduga, ka riƙa murza shi a hankali daga gindin yatsa zuwa farce. Abin da ya taso ya taso, abin da ya ƙi ka bar shi sai gobe. Sau ɗaya a rana ya isa, cikin kwana uku ko huɗu yawanci komai ya fita. Ka duba bakin wutsiya da kyau, nan ma akwai irin wancan layukan da take riƙe reshe da su, kuma nan ne saɓa ta fi yin zobe ba a lura ba. Wadda ke kan zankon baya ba ta da gaggawa. Ta kusa da ido kuwa kada tsinke ya je wurin, ɗiga ruwa mai tsabta kawai ka bar harshenta ya yi aikinsa, kada garin neman gira a rasa ido.

Yatsun nan biyu, gara in faɗa maka gaskiya. Tsohuwar fata in ta bushe tsukewa take, ta shaƙe yatsa kamar zoben da ya matse, jini ya daina wucewa. Yatsan da ya kumbura ya yi ja ko shuɗi-shuɗi yana iya farfaɗowa in an kwance shi da wuri. Wanda ya yi baƙi ƙirin ya bushe ya riga ya mutu, zai faɗi da kansa, kuma ba zai sake tsirowa ba. Kada ka yanke. Ka cire duk abin da ke ƙasan akwatin ka shimfiɗa takarda mai tsabta, kana canzawa kullum har wurin ya warke. Ka ɗiga ɗan Betadine a ruwa har ya yi fatsi-fatsi, ka dangwala a wurin da auduga sau ɗaya a rana. Rashin yatsa ɗaya ko biyu ba ya hana ta hawa ko cin abinci. Abin da zai sa ka tashi tsaye shi ne kumburi ya fara haurawa ƙafa, ko ka ga mugunya, ko wari. Nan sai likitan dabbobi. Likitocinmu aikinsu na kullum shanu ne da tumaki da raƙuma, don haka ka auna ta a ƙaramin sikeli kafin ka je, ka faɗa masa nauyinta. Babba takan kai giram 35 zuwa 50 ne kacal, kuma da wannan nauyin ake lissafa magani. Kada wani mai tallan maganin dabbobi a kasuwa ya ɗiba maka na tumaki ya ce ka rage kaɗan, musamman allurar tsutsa da kaska, tana iya kashe ta nan take.

To me ya kawo haka? Ai ka ba da amsar da kanka da ka ce da damina lafiyarta lau. Asalin wannan tsaka tsibiran Nuwel Kaledoniya ne, can cikin tekun Pasifik gabas da Ostareliya, tsibiran kuma suna ƙarƙashin Faransa. A kudancin babban tsibirin da wani ƙarami kusa da shi take rayuwa, cikin kurmi mai yawan ruwan sama, tana wuni ɓoye a ganye, da dare ta fito neman ƴaƴan itace da ƙwari. Wani masanin dabbobi Bafaranshe, Alphonse Guichenot, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1866. Daga baya aka daɗe ba a gan ta ba har aka ɗauka ta ƙare a duniya, sai a 1994 aka sake gano ta. Waɗanda ake kiwo yau a Turai da Amurka zuriyar waɗanda aka kwaso a wancan lokaci ne, an hana fitar da na daji yanzu. Kiwo a akwati bai canza mata jiki ba, har gobe jikin kurmi ne, yana son danshin iska ya riƙa kai kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. Mu kuwa a Damagaram ruwan shekara duka wajen milimita 400 ne, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma in iskar hunturu ta taso danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Kai kanka ka ga yadda leɓe ke tsagewa, diddige ya yi faso.

Ita saɓa aikin ruwa ce. In sabuwar fata ta gama haɗuwa a ƙasa, jiki yakan saki wani ɗan ruwa tsakaninta da tsohuwar don ya raba su. A lokacin za ka ga launinta ya dusashe ya yi toka-toka, ta rage cin abinci, riƙonta ya yi rauni. Mai lafiya cikin dare ɗaya take gamawa, ta ja da baki ta cinye abinta, da safe ka gan ta fes ba ka ma san an yi ba. Ƙarama mai girma da sauri tana iya yi duk mako ɗaya ko biyu, babba wajen sau ɗaya a wata. In jiki ba ruwa, iska kuma ta bushe, wancan ɗan ruwan yakan ƙafe kafin aiki ya kammala, sai fatar ta manne a wuraren da suka fi siranta. Kowace saɓa ta zo ta hau kan wadda ta saura, har ninki ya yi yawa. Robar da na ce ka sa ta ciki maganin na yau ne kawai, in akwatin bai canza ba wata mai zuwa kana nan inda kake.

Abu na farko da za ka saya shi ne ɗan agogon nan mai nuna zafi da danshi tare. Tambayi masu harkar injin ƙyanƙyasar ƙwai, irinsa suke aiki da shi, kuma ba shi da tsada. Ba tare da shi ba, kintace kawai kake yi. Ka samo sabuwar robar fesa ruwa irin ta masu aski, wadda ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Bayan isha'i ka fesa sosai, bango da ganye da rassa, har agogon ya kai wajen 80. Da asuba ka ƙara kaɗan. Da rana ka bar shi ya sauka zuwa 50 ko 60, don akwatin da ke jiƙe dare da rana yana haifar da funfuna da ciwon fata, shi ma ya ɓata saɓar. In saman akwatin raga ce, rufe kashi biyu cikin uku da leda, in ba haka ba rabin awa bayan feshi iska ta shanye komai. Ka ajiye mata wata ƴar roba mai ƙofa a gefe, da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta a ciki, ta samu wurin shiga in ta ji saɓa ta kusa. Sa reshe mai kaushin ɓawo da za ta goga jiki, ka wanke shi ka shanya tukuna. Rairayi kada ya shiga akwatin ko kaɗan. Ƴar tasar ruwa ta zauna kullum, ko da yake ta fi son lasar ɗigon da ke kan ganye.

Na san zancen ruwa a garin nan ba wasa ba ne, kowa ya san abin da ake biyan ƴan ga-ruwa in famfo ya ɗauke. Amma ita ledar ruwa ɗaya ta ishe ta kwana guda har da saura. In na famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe kafin ka fesa. Da dare kada sanyi ya sauka ƙasa da digiri 18 a inda take, ka lulluɓe akwatin da bargo ta gefe uku. Kaskon gawayi, turaren wuta, maganin sauro na hayaƙi da fiya-fiya, duk kada su haɗa ɗaki da ita.

Sai ayaba. Wata da watanni a kan ayaba zalla yunwa ce, ko da cikinta a cike yake. Ayaba ba ta da sinadarin kalsiyam na kirki, ba ta da abin gina jiki, ba ta kuma da isasshen bitamin A, wanda fata ke bukata don ta sabunta daidai. Garin da Baturen ya bar maka an haɗa shi ne da duk waɗannan, shi ya sa ta yi kyau lokacin da yake nan. Sanannun irinsa su ne Repashy da Pangea, ana dama awo ɗaya da awo biyu na ruwa. Rubuta wa mutumin nan ka ce ya aiko ta hannun mai zuwa, shi ya bar maka amanar, leda ɗaya kuma tana daɗewa wa tsaka guda. Kafin ya iso, ka koma gwanda nunanniya da ɓaure, da mangwaro in lokacinsa ya zo, ayaba ta zama ta jefi-jefi. Lemu da danginsa masu tsami kada ka ba ta. Sau biyu a mako ka ba ta ƙananan gyare, waɗanda ba su fi faɗin tsakanin idanunta ba. Ka tsare su kwana ɗaya ko biyu suna cin karas da ganyen zogale, sannan ka barbaɗa musu garin ɓawon ƙwai da aka dafa, aka shanya, aka daka lukui. Ƙwarin gona da na lambun da ake yi wa feshi ka rabu da su. Kada kuma ka fasa mata ƙwayar bitamin ta mutane, yawansa guba ne ga jiki ƙarami haka. In ka ga muƙamuƙinta ya yi laushi, wutsiya ta lanƙwashe gaɓa-gaɓa, ko ƙafafu na rawa, ƙashi ne ya fara lalacewa don rashin kalsiyam, wannan ya fi saɓa gaggawa.

Maganar Inna, kada ka yi mata musu irin na ƴan boko. Kuturta wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likita Hansen ɗan ƙasar Norwe ya gano a 1873, kuma daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa bayan doguwar cuɗanya. Tsaka ba ta ɗauke da ita, ba ta kuma da dafi. Sai dai ƙyamar Inna ba a banza take ba: kashin dabbobi masu jan ciki yakan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. Don haka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta, kada ka wanke kayanta inda ake wanke kwanoni, kada ƙananan yara su ɗauke ta. Inna tana kuma tuna hadisin da ya yi umarni da kashe tsaka, yana cikin Buhari da Muslim, ba ƙirƙirarta ba ce. Ko hukuncin ya hau kan wannan ta kurmi da ke kulle a akwati, wannan ka kai wa malaminku, ka yi masa bayanin dabbar yadda take. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne duk abin da ka kulle, cinsa da shansa suna wuyanka, hadisin matar da ta tsare mage har ta mutu ya ishe mu. Gida kuwa na iyayenka ne. In bayan bayani Inna ta tsaya kan bakanta, sai ka nema wa tsakar wani wuri, ba a saɓa wa uwa a kan dabba.

Da ma neman wani wurin yana iya zama dole ko Inna ta yarda, kuma wannan ne ya fi damuna a wasiƙarka duk da ba ka tambaya ba. Hunturu yatsa yake ci, bazara kuwa rai take ɗauka. Wannan tsaka tana jin daɗi ne tsakanin digiri 22 da 26. Daga 28 ta fara wahala, in ta daɗe sama da 30 tana iya mutuwa cikin sa'o'i, ba ta da gumi, ba ta da inda za ta gudu a cikin gilashi. A Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa ya fi haka, dare ma ba ya hucewa sosai. A gidan Baturen kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ya raya ta. Kai a hannunka damina da kaka da hunturu kaɗai ta gani, kuma dabba ce mai shekara 15 zuwa 20 in ta samu kulawa, ka lissafa bazara nawa ke nan.

Akwai dabaru, kuma busasshiyar iskarmu a nan tana taimakawa, don ruwa na saurin tashi ya tafi da zafi. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na tsofaffin gidajen Birni ya fi na siminti da kwano sanyi nesa ba kusa ba. Akwatin ya sauko ƙasa, nesa da taga, kusa da randa. Jiƙaƙƙen buhu a lulluɓe ta gefe da fanka na kaɗa shi yana rage digiri da dama. Gorar ƙanƙara naɗe da tsumma a kan ragar sama tana riƙe ƴan sa'o'i. Akwai kuma tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990 don adana tumatir da ganye. In ka samu manya, kana iya sa ta a ƴar robarta mai huji ka zura ciki daga azahar zuwa la'asar, bakin tukunyar rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle mai shan iska. Amma duk waɗannan suna son mutum a tsaye a kansu kowace rana, kai kuma kana makaranta a daidai lokacin da rana ta fi ƙuna. Ga ɗaukewar kuran, wato lantarki, wadda ta fi yawa a watannin da aka fi bukatarsa. Rana ɗaya da aka manta ta isa.

Saboda haka kada ka jira Afrilu. Da zarar ka sayi agogon nan, fara rubuta zafin wurin da take kullum da ƙarfe uku na rana. In Maris ya kama, gwada buhun da tukunyar da agogon kaɗai a ciki, ba da ita ba, ka ga ko za ka iya riƙe ƙasa da 28 har la'asar. In ya riƙu kwanaki a jere, kuma akwai wanda zai jiƙa buhu in ba ka nan, to ka ci gaba da kiwonka. In bai riƙu ba, tun yanzu ka fara cigiyar mai ɗaki da kilim da sola ko janareto wanda zai karɓe ta, ko na wata uku ne zuwa saukar damina, ka haɗa masa da akwatin da abincin da bayanin feshi a rubuce. Sakinta a bishiya ko a lambu ba mafita ba ce, ba za ta kai kwana biyu ba tsakanin rana da ƙadangaru da tsuntsaye. Ka kuma faɗa wa Baturen halin da ake ciki a wasiƙar da za ka nemi garin, wataƙila ya san wani cikin abokan aikinsa da ke nan ko Yamai da zai iya riƙe ta.

Ka gaida Inna da kyau.

Kawunka